Shekarar da Matan Guci Suka Juya Mini Taɓarya

Jiya ina kishingiɗe na ji Rabi, jikata ta wajen Sani, tana gaya wa ƙawarta wai cire man gyaɗa ba sana'a ba ce, zaman hira ne. Wai a kai gyaɗa inji ya markaɗa, wani injin ya juya, mace ta tara roba. Har ta ƙara da yaren lakwal, makarantar bokon nan tasu, wai injin kilowat kaza ne, wai mushe, malaminsu, ya ce musu in aka ɗora ƙarfin mutum kan wannan ma'auni abin dariya ne. To ku matso, ƴan lakwal. Ni Tabawa na ci abinci da taɓarya tun Nasara na bariki a Magaria, kuma na auna ƙarfin matan garin nan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na taka ƙofar lakwal ba.

Kafin Gwaggo Ladi, yayar babana, ta fara ba ni taɓarya, sai da na shekara ina tsintar gyaɗa kawai. Ruɓaɓɓiya ɗaya ta shige cikin ƙwarya, man duka zai yi ɗaci. Daga tsinta aka kai ni suya: yashi a kasko, wutar kara a ƙasa, kina juyawa da sakaina har ɓawon ya fara tashi in kin murza. Ki bar ta ɗanya, mai ya ƙi fita. Ki bar ta ta ƙone, ƙuli-ƙulinki ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. A murje, a fece a faifai, a daka ta har ta zama kamar kwaɓin gini. Duk wannan share fage ne. Aikin yana cikin juyi.

Turmin juyi daban yake da turmin daka. Na Gwaggo na kirya ne, baƙi wuluk, ya sha mai har ruwa ba ya kama shi. A zuba dakakkiyar gyaɗar, a sa taɓarya a yi ta zagayawa, ana tarfa ruwan zafi da ludayi kaɗan-kaɗan. Da farko abin sulɓi ne, yarinya ma sai ta ce wasa ne. Can sai ya fara kama jiki. Can sai ya riƙe taɓaryar kamar mai bin ki bashin gaba, kafaɗa na ƙara, ƙugu na amsawa. Daidai inda kika ce kin mutu, nan mai yake. Zai fara ƙyalli a gefen turmi, sannan ya tsatsafo, tunkuza ta dunƙule gefe ɗaya. Ran farko na saki taɓarya a daidai wurin nan na ce hannuna. Gwaggo ta ja turmin gabanta. Ta kwashe abin da ya lalace ta yi mana miya da shi, muka yi ta sha har ya fita daga ran kowa a gidan, kowa kuma ya san albarkacin wa yake ci.

Sana'ar tana da dokokinta, ba kuwa alƙali ya kafa su ba. Kina iya ba da ƙodagon daka, a daka miki ki biya da ƙuli. Juyi kuwa ba a ƙodagonsa, don an ce mai ba ya fita a hannun haya. Ta biyu, duk wanda ya shigo gida ya tarar an riga an tarfa ruwa a turmi, to sai ya kama taɓarya ya zagaya ta, ko kaɗan ne, don a san bai zo da mugun ido ba. In ya ƙi kuma mai ya ƙi fita, sunansa ya ɓaci a gari. Ku yi dariyarku. Na ga matar limami ta ajiye carbi ta kama taɓarya.

Da Gwaggo ta rasu na gaji turminta da wurin zamanta a kasuwar Guci, gindin wata tsamiya, tsakanin masu ƙosai da mahauta. Duk mai son mai a nan yake wucewa. Masu ƙosai su saya, masu tsire su kwashe ƙuli, Fulani in sun sayar da nono su biyo su cika ƴan kwalabensu. Inuwa tun safe har la'asar. Sauran masu mai suna can bakin turken jakai, rana na soya su tare da hajarsu. Dokar sarkin kasuwa kuwa a fili take: wadda ta yi kasuwa uku a jere ba ta baza kaya ba, wurinta ya zama na wata.

Wata kakar gyaɗa wani kamyo, babbar motar kaya, ya zo kwasar buhuna ya kafe a yashi bayan kasuwa. Mai tuƙa shi wani dogo ne daga Damagaram, ya sayi ƙuli wurina yana jiran a haƙa masa ƙafafu. Yana ci yana cika baki, wai motarsa ƙarfin doki kaza gare ta. Na ce masa, «Ɗan'uwana, wa ya auna? Dokin sarki ko na ɗan kwarami?» Ya ce Nasara ne suka samu doki suka ɗaura masa kaya da igiya ta kan gwafa, kamar mai jan guga, suka duba nauyin da ya ɗaga, da tsawon da ya kai shi, da ɗan lokacin da ya ɗauka. Shi ke nan suka ce wannan shi ne doki ɗaya, kowane inji da shi ake gwada shi. Na ce to wannan kam sun yi hankali. Ba su tambayi dokin ba, ba su dubi ƙibarsa ba, aiki suka ba shi suka tsaya suna kallo. Na riƙe maganar nan.

Wannan kamyon dai, ko wani ɗan'uwansa, shi ya karya ni. A shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai cika rumbu ba, maza suka watse cin rani. Maigidana ma ya tsallaka Najeriya, ƙasar Ingilishi. Duk macen da ke da turmi ta koma cire mai, kowa ido a kan tsamiyata. Na je ƙauye sayen gyaɗa, ina dawowa kan jaki da buhu, sai ga mota ta bayanmu ta yi wani kuka. Jakin ya zabura ya bi gona, ni na bi ƙasa, buhun ya biyo ni. Hannun dama ya karye ƙasa da gwiwa. Maɗori ya ja ya ɗaure da karare, ya ce kada in ɗaga ko ludayin fura da shi sai ya ce.

Kwanakin farko ina kwance, mata na ta shigowa dubiya. Kun san dubiya ba a ƙin ta, kuma ba a yin ta sau ɗaya. Su shigo su zauna kan tabarmata, su ce sannu, su ci gorona, su yi gulmar wadda ba ta iso ba. Ina kwance ina kallon damatsa. Wannan ga ta kamar kuka, wannan jiya ta yi sussukar dami, ga su sun zube a ɗakina ba abin da suke ɗagawa sai murya. Kasuwa ɗaya ta wuce ni. Sai na ce a raina, Tabawa, kogi na wucewa ta ƙofarki kina kukan ƙishirwa.

Na soya gyaɗa da hagu. Na ba da aka dako. Da hantsi, lokacin da mata ke gama aikin safe su fito gaishe-gaishe, na sa aka girka turmin Gwaggo a bakin ɗakina, na ɗora ruwa a wuta, na zauna kan kujera ƴar tsugunne da hannu rataye a wuya. Ina jin sallama na tarfa ruwa.

Ta farko Hansatu ce matar sarkin fawa. Ta yi turus. «Tabawa, ke da ke kwance, me ya kai ki juyi?»

Na ce, «Ƙarfin hali, yaya. Ga shi kin shigo a kan ruwa.»

Ta ɗaure zane ta kama. Kafin ta saki wata ta yi sallama, ita ma ta shigo a kan ruwa. Kafin azahar mai ya kwanta a turmi, ban zagaya taɓarya ko sau ɗaya ba. Nawa tarfa ruwa ne da cewa, «Sannu, Allah ya ba da lada, ɗan ƙara ta gefen nan.»

A nan na yi nawa awon, irin na dokin Nasara. Hansatu wuta ce: ta kama taɓarya turmi sai ya yi rawa, amma kafin ki haɗiye goro ta saki tana haki. Iya Gambo, tsohuwar da ke bayan gidanmu, in ta kama sai ki ce barci take, amma ba ta saki, tana juyi tana ba da labarin ciwon ƙafarta tun daga asalinsa, in ta gama sai ki tarar ta fi Hansatu aiki nesa. Na gane zafin nama daban, yawan aiki daban. Don haka na riƙa jera su. Masu sanyi da dogon labari su fara tun abin na da laushi, masu wuta in ajiye su da hira sai ya yi tauri. Matan gidan maigari kuwa, su uku ba su kai rabin Adama Bafulatana mai kawo mini nono ba, sai dai ƙarar warwaro. Adama ita ce babban dokina. Har na koma shan nono kullum, ni da ba ya zama mini a ciki.

Maza wayo suka yi, daga zaure suke jefo sannu. Maɗori ne kaɗai ba shi da mafita, don dole ya shigo duba ɗauri. Ya tarar da ruwa a turmi, ya waiga hagu da dama, ya kama taɓarya da ƴan yatsu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, ya zagaya, ya ce, «In maganar nan ta fita, sai na karya ɗaya hannun.» Yanzu ya daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙansa, na fitar.

Haka na ci kasuwa biyu a gindin tsamiyata, jaki ya kai kaya, hagu ta auna. In dubiya ta fara ja baya, sai in matsa jikin danga in saki nishi mai kyau, wanda zai kai rijiya. Kafin yamma labari ya zagaya wai hannun Tabawa ya kumbura, washegari sai ga su.

Amma mata ba jakai ba ne. Aka fara haɗa lissafi a bakin rijiya: yaya kowa ya je sai ya tarar da ruwa a turmi? Sai suka koyi shinshina. In ƙamshin suya ya tashi daga gidana yau, gobe ba mai zuwa. Masu kunya su tsaya bayan danga su ɗaga murya, «Tabawa, ya jiki? Ana juyi?» In na ce ana yi, sai in ji, «To Allah ya ƙara sauƙi,» da ƙarar takalmi. Adama ta koma ajiye ƙwaryar nono a zaure ta buga ƙyaure ta wuce. Na yi nishi har maƙogwarona ya bushe, ko kaza ba ta leƙo ba. Kasuwa ta wuce ni. Wata ta sake wucewa. Saura ɗaya.

Akwai wata Jimmai, ƴar garin Kwaya ce aka auro ta Guci, ita ma mai take cirewa, kuma ba zan ɓoye ba ta iya. Ƙaƙƙarfa ce, in ta tafi ƙasa na amsawa. Ita ce ta fi kowa ƙosawa da rana a bakin turken jakai, ta riga ta kai wa sarkin kasuwa gaisuwa, an ce har ta je ta gwada shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ta ga ko ta yi daidai. Tun da na karye ba ta zo dubiya ba, ta san abin da ake yi a gidana sarai. Amma na san hali irin namu na masu sana'a: ba za ta yarda da jita-jita ba. Jajibirin kasuwa ta uku sai ta so ta gani da idonta cewa ba ni da ko ɗigo.

Na aika da gyaɗata can ƙarshen gari wurin mai yi mini daka, a can aka soya, a can aka daka, aka kawo mini a rufe cikin ƙwaryar tuwo. Gidana ba hayaƙi ba ƙamshi. Turmin daka na sa aka kwantar da shi tsakar gida, taɓarya a gefe, kaji na hawa. Turmin Gwaggo kuwa yana cikin ɗaki bayan ƙyaure, tukunyar ruwan zafi a kan ɗan garwashi kusa da shi. Tun safe na durƙusa na kama da hagu, na tokare taɓarya da kafaɗa, ina zagayawa irin ta Iya Gambo. In gaji in huta in koma. Hannu ɗaya ya kai shi har inda ya fara tauri, daga nan ya ƙi motsi, ko da na rataya a jikinsa. Na zauna ina kallonsa. In ya huce a haka, ya lalace, tsamiya ta tafi.

Rana ta karkata, sai na ji takun da ƙasa ke amsawa ya tsaya bayan danga.

«Salamu alaikum. Tabawa, ana juyi?»

Ƙarya ba kyau, ba kuwa zan yi ta ba. Na ce, «Wash! Wayyo hannuna. Wa ke magana?»

Na san tana leƙe ta ramin danga, tana ganin turmi a kwance da kashin kaji a kai. Can na ji ta cire takalmi. Ta ɗaga asabari tana cewa, «Ashe jikin ya yi tsanani haka, ƴar'uwa, ban sa—» Sai idonta ya faɗa bayan ƙyaure. Ludayi na hannuna, ruwa na ɗiga a turmi.

Na ce, «Maraba da Jimmai. Kin shigo a kan ruwa.»

Ta daɗe a tsaye. Wata mace da ta ƙi, abin da za ta rasa suna ne. Mai cire mai kuwa in aka ce ta shiga gidan abokiyar sana'a ta kama mata mai da ido, wa zai ƙara sayen nata ya kai bakin ƴaƴansa? Ta ƙara ɗaure zane tana huci. «Zagaye uku zan yi, Tabawa, irin na al'ada. Uku.»

Na ce, «Ko ɗaya kika yi kin gama mini komai.»

Ta kama da hannu biyu. Kai, Allah ya yi ƙarfi a wurin nan! Abin da ya gagare ni tun safe ta murɗa shi kamar tuwon jarirai. Tana na biyu na tarfa ludayin ƙarshe, wanda na san shi ake jira. Tana na uku gefen turmi ya yi ƙyalli.

To akwai wata doka da mu masu sana'ar kaɗai muka sani, ba mu gaya wa masu dubiya don ba ta shafe su ba. Mai cire mai in mai ya nuna fuska a hannunta, ba ta saki sai ya gama fita. In ta saki, ta juya masa baya ke nan, shi ma zai juya mata baya a nata turmin. Jimmai ta ga ƙyallin, ta dube ni, na dube ta.

Ta ce, «Allah ya isa.»

Na ce, «Amin. Ɗan ƙara ta gefen nan.»

Ta juye shi tas. Da yake ba ta iya ganin aiki a wulaƙance, ta ture ni gefe ta matse tunkuzar ma da kanta, tana matsa tana zagina, tana zagin jakin, tana zagin mai motar da bai ƙarasa aikinsa ba. Na ba ta goro ta ƙi. Ta fita ba sallama.

Washegari tun kafin mahauta su rataye nama na baza tabarmata a gindin tsamiya. Man bai da yawa, ƴan kwalabe ne da ƙuli a faifai ɗaya, amma doka ba ta ce da yawa ba. Sarkin kasuwa ya iso da sandarsa, da alamar ya zo ba da wuri ne, sai ya tarar da mai wuri zaune. Ya ɗaga kwalba ya duba ta a rana, ya shinshina.

«Tabawa, ke da aka ce hannu ya ƙi? Wannan ai ya fi na kullum kyau. Wane hannu ya juya shi?»

Na ɗaga murya yadda za ta kai turken jakai. «Hannun arziki ne, ranka ya daɗe. Daga Kwaya aka auro mana shi, jiya ya zo mini dubiya.»

Masu ƙosai suka kwashe da dariya, mahauta suka taya su. Jimmai na can cikin rana da ƙwaryar manta a ka, ba ta ko sauke ba. Ta tako har gabana, na ce a raina yau ɗaya hannun ma ya tafi. Sai ta ɗaga tafukanta sama, a gaban sarkin kasuwa da kowa, ta ce, «Ya Allah, ka warkar da hannun Tabawa. Ka warkar da shi yau, kada ka kai gobe.»

Matan da ke wurin, duk wadda ta taɓa shigowa gidana a kan ruwa, suka amsa da amin ɗin da sai da jakai suka ɗaga kai.